Takardar da ke Cikin Hular Tolib

In ka tambayi matan unguwar Tutzor wace ce Saodat, ba za su fara da cewa malamar makaranta ce ba. Cewa za su yi, "Kelin ɗin gidan Hojar-aya? Ai wannan tsohuwa ta dace da matar ɗa." Kelin shi ne sunan da suke kiran matar ɗa da shi. Su ce kafin ladan ya rufe baki da asuba ta riga ta share ƙofar gida har tsakiyar titi, ta yayyafa ruwa. Su ce shekara shida ke nan da kawo ta, ba a taɓa jiyo muryarta ta kan katanga ba. Dattawan da suka taɓa zama a kan shimfiɗar gidan kuwa, shayinta suke yabo. Sun ce takan mayar da shi buta sau uku, sannan ta zuba kurɓi biyu a gindin finjali, ta miƙo da hannun dama, na hagu a ƙirji, don baƙo ya san ana so ya daɗe ana ƙara masa. Ba irin yaran yanzu ba, masu cika wa mutum finjali fal, abin da kowa ya san ma'anarsa: shanye ka ba mu wuri.

Iyayen 'yan aji uku sun ce ɗan da ya shiga hannunta ba ya fita bai iya karatu ba. Abokan aikinta ma da haka suke faɗa. Amma tun watan Maris suka samo mata wani suna, wanda ba sa faɗa sai ta juya baya: matar wanda ya sayar da Asabar ɗinmu.

Mijinta Tolib shi ne shugaban ƙungiyar malamai ta gundumar. A watan Maris ɗin ne ya zauna da manyan ofishin ilimi suka sa hannu a yarjejeniyar shekara. Aka ɗauki hoto, aka yafa masa alkyabba mai ratsin kore, aka ci shinkafar osh har aka bar saura. A shafi na tara akwai wani layi guda: malamai za su taimaka, da son ransu, a duk aikin al'umma da ya taso bayan lokacin darasi. Ba a ce awa nawa ba. Ba a ce za a biya ko sisi ba.

Kafin wata ya zagayo, layin nan ya haɗiye yammacin kowace rana, ya haɗiye Asabar, yana leƙen Lahadi. Malamai ke bin gida-gida suna rubuta yara da marasa aiki da masu shanu. Malamai ke cire ciyawa a bakin babban titi. In an kira taro zaure bai cika ba, malamai ake kwasowa su zauna su tafa.

"Saodathon," in ji Rayhon-opa, babbar malamar lissafi, wata rana a ɗakin malamai, tana matsa ƙafarta da ta kumbura, "ki gaida mana mai alkyabba. Ki tambaye shi, son ran nan nawa da ya sa wa hannu, a ina ya gamu da shi? Ni dai shekara ashirin da takwas ina aikin nan, ban taɓa ganinsa ba."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce shi jiya kare aka sakar masa, an ɗauka mutumin lantarki ne. Wata ta ce shekara biyar ta yi a jami'a don ta zo ta ƙirga tumakin mutane. Saodat ta sunkuyar da kai a kan littattafan da take dubawa. Akwai abin da ya fi dariyarsu damunta: cikinta wata huɗu, na farko a shekara shida, ga shi tun safe bayanta ke ɗaurewa.

Ranar Litinin ta ga jini kaɗan. Ta saci jiki tsakanin darasi biyu ta je asibiti. Likitar, wata mace mai furfura, ta duba ta, ta cire gilashi ta zuba mata ido.

"Kwanciya, mako biyu. Ba ɗaukar kaya, ba doguwar tafiya, ba tsayuwa. Kin ji ni ko, malama? Don ku malamai kun fi ɗalibanku rashin jin magana. In kika yi wasa, cikin nan ba zai zauna ba."

Ta rubuta takarda, ta buga mata hatimi, ta ce a kai wa shugaban makaranta yau ɗin nan.

Da la'asar Tolib na zaune a ƙarƙashin rumfar inabi Saodat ta miƙa masa. Ya karanta sau biyu, ya sosa ƙeya.

"Wannan likita ta iya zaɓen lokaci," ya ce. "Kwana goma ya rage manyan lardi su zo duba gunduma. Kowane malami gida arba'in ne a kansa, da itace talatin da zai shafe da farar ƙasa."

"Ni dai abin da ta ce ke nan, Tolib-aka," ta ce, da "aka" ɗin da ake girmama namiji da shi, wato yaya.

"To, bar ta a hannuna. Ni zan kai wa shugabanku Ergash-aka da kaina. Magana tsakanin maza ta fi sauri."

Ya ninka takardar gida huɗu, ya cire hularsa ya sa ta ciki, ya mayar kansa. Washegari da ta tambaya, ya ce ya kai. Ya ce shugaban makaranta ya gani, ya tausaya ƙwarai, yana roƙon ta daure 'yan kwanakin nan, baƙi na wucewa ta kwanta har wata guda in tana so.

Hojar-aya, mahaifiyarsa, tana gefe tana tsintar shinkafa. Ba ta ko ɗago ba.

"Mako biyu a kwance! Ni a gonar auduga naƙudar Tolib ta kama ni, da buhu ɗaure a ƙuguna. Dube shi yau, kamar bijimi. Ku na yanzu da an ce ciki sai a nemi filo. Kelin, gurasa ta ƙare, ki kwaɓa tun rana ba ta faɗi ba."

"To, Ayajon," in ji Saodat.

Haka kwanakin suka bi juna. Da asuba tsintsiya, gajeriyar nan da sai mutum ya duƙa, domin kelin mai kunya ba ta shara a tsaye. Sai bokitin ruwan yayyafi daga magudana. Sai shayin tsohuwa. Ƙarfe takwas tana gaban yara talatin da bakwai har azahar. Daga nan ta ɗauki babban littafin rajista ta shiga lungu, tana buga ƙofofi.

"Wa ye? Kuma dai? Makon jiya ma an zo an rubuta mu!"

"Ku yi haƙuri, hola, sabon tsari ne," takan ce wa matar gidan, hola kuwa kamar a ce inna ne.

Wasu su ba ta kujera. Wasu su bar ta a tsaye a rana sai sun gama abin da suke yi. Ta dawo gida ƙafafu kamar ba nata ba, ta hura tanderu, ta zura rabin jikinta cikin zafinsa tana manna gurasa. In ta miƙe sai ta dafa bango ta jira juwa ta wuce. Littattafan yara na jiranta a kan taga, su ma sai an duba.

Ranar Asabar aka ba kowa bokiti biyu na farar ƙasa da buroshi, a shafe gindin itatuwan babban titi, daga kan gada har ƙofar gari. Rayhon-opa ta ga yadda take tafiya, ta ƙwace bokiti ɗaya daga hannunta.

"Ke, wannan fuskar taki ta fi farar ƙasar fari. Lafiya?"

"Lafiya lau, opa."

"Ƙarya kike. Na haifi huɗu, na san tafiyar mace. Je ki wurin Ergash yanzu, ko ni in je."

Saodat ta sami shugaban makaranta a inuwa, yana riƙe da littafin sa hannu.

"Ergash-aka, maganar takardar nan ce. Na ce ko za ku rage mini ko da ɗaukar bokitin ne."

"Wace takarda?"

Ta dube shi. Babu alamar wasa a fuskarsa.

"Ba komai," ta ce. "Na ɗauka an yi muku magana."

"Ko da takarda ko babu, Saodathon, ni ban tilasta wa kowa ba. Ga littafi, kowa da hannunsa ya rubuta cewa da son ransa ya fito. Mai son tafiya ga hanya. Sai dai a watan Agusta ake rabon darussa, kuma Allah ya ba ni ido biyu." Ya yi murmushi. "Ke da mijinki ya rubuta abin, ai ke ce ta ƙarshen yin ƙorafi."

Ta koma ta ɗauki buroshinta.

Da ta isa gida Tolib na alwalar la'asar a bakin famfo, hularsa a kan dakali. Ta ɗauka ta leƙa. Takardar na nan a ninke, gefenta ya yi duhu da gumi. Ta tsaya da ita a hannu har ya juyo.

"Ka ce ka kai."

Bai ko razana ba. Ya share fuska da tawul, ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da yake lallashin malamai da ita a taro.

"Saurara, Saodat. In matar shugaba ta kwanta yau, gobe takarda arba'in zan gani a teburina. Rayhon da ƙafarta, wance da bayanta. Me zan ce wa mutanen da suka yafa mini alkyabba a gaban jama'a? A ce Tolib ya sa hannu ga matan wasu, tasa ya ɓoye a ɗaki?"

"Likita ta ce ba zai zauna ba."

"Likitoci tsoratarwa ce sana'arsu. Kwana biyar fa ya rage. Don wa kike tsammani nake wannan wahala? Ana maganar ba ni kujera a lardi. Don yaron nan nake yi."

"To, bar ni in kai da kaina."

"A gidana?" Muryar Hojar-aya ce daga bakin ɗaki. "Kelin ta ɗauki takarda ta je ta nuna wa duniya mijinta ya yi ƙarya? To in kin fita da ita, ki san inda za ki kwana. Mu ma mun yi ciki, ba mu tozarta kowa da shi ba."

Tolib ya zare takardar daga yatsunta a hankali, kamar mai karɓar wuƙa a hannun yaro. Ya mayar da ita cikin hula, ya ɗora a kai, ya ta da salla.

Ranar Alhamis aka jera malamai da ɗalibai a bakin babban titi tun ƙarfe takwas, kowane yaro da 'yar tuta. An aro tukwanen fure daga gidajen mutane an jera a gaban makaranta. Rana ta ɗaga. Yara suka fara kukan ƙishi. Wajen sha ɗaya Saodat ta ji mararta na murɗawa, ta saki, ta sake murɗawa.

"Ergash-aka, ko zan ɗan zauna?"

"Zama? In suka ɓullo fa? Daure, yanzu za su zo."

Sai ɗaya saura suka zo. Baƙaƙen motoci shida, gilashi a rufe. Aka ce yara su ɗaga tuta, suka ɗaga. Motocin ba su ko rage gudu ba. Ba su ga fure ba, ba su ga gindin itatuwa ba, ba su tambayi littafin gida arba'in ba. A mota ta huɗu, kusa da taga, Saodat ta hango alkyabba mai ratsin kore.

Ƙurar ba ta gama kwanciya ba ta jingina da wata bishiya, cikin waɗanda ta shafe da hannunta, ta sulale ƙasa. Rayhon-opa ce ta fara ganin jan da ya ɓata farin gindin itacen. Ta yar da tutar hannunta, ta tsaya a tsakiyar titi ta tare tasi da jikinta.

A asibiti likitar nan mai furfura ce. Cikin bai zauna ba. Da aka gama abin da za a yi, ta zo ta tsaya a kan gadon.

"Na ba ki takarda. Ina takardar?"

Saodat ta juya fuska bango.

Tolib ya iso da yamma da ledar tuffa. Ya zauna a bakin gado yana juya makullin mota a hannu. Ya ce Allah bai nufa ba. Ya ce ƙaddara ba ta tambayar kowa. Ya ce, don ya faranta mata, manyan lardi sun yaba da tsabtar titi. Hojar-aya ta ce ai yarinya ce, wani zai zo, kuma ita tun farko ta ga cikin bai da ƙwari. Ergash-aka bai zo ba. Ya aiko a gaishe ta, a kuma tuna mata cewa gida bakwai sun rage a rajistarta, in ta ji sauƙi.

Ba wanda ya ce shi ne. Mai takarda ya ce ƙaddara, uwarsa ta ce rauni, mai makaranta ya ce son rai. Kowa ya sami wurin goge hannunsa, kuma duk a jikinta suka goge.

Kwana takwas bayan haka aka ba Tolib takardar yabo. Ya gayyaci shugaban ilimi na gunduma da Ergash-aka da dattawan unguwa uku cin osh a gidansa bayan sallar Juma'a. Aka yanka rago, aka kira mai dafawa, ƙamshin karas da kitse ya cika lungu. Saodat na kwance a ɗaki, kwananta huɗu da dawowa, sai tsohuwa ta yaye labule.

"Tashi, kelin. Wanke fuska, ki sa rigar alharinin nan ta atlas. Baƙi su ga wata ce ke zuba shayi a gidana, a ce me?"

"Ayajon, ƙafata ba ta ɗaukata."

"Daga nan zuwa rumfa? Shayi ne fa, ba dutse ba."

Ta tashi. Ta sa rigar, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki buta ta fita. Ta gaida baƙi da sunkuyo kamar yadda aka saba, ta durƙusa a ƙarshen shimfiɗa. Shugaban ilimi, wani mai tumbi da zoben zinariya, yana tsakiyar magana.

"Ni kullum ina faɗa, malaman gundumarmu ba sa kallon agogo. Shi ya sa nake so layin nan na shafi na tara ya zarce har hutun bana. Ajujuwa na son fenti, kuma me za su yi da wata biyu a gida?"

"Wannan ba matsala," in ji Tolib, yana gutsura masa gurasa. "Mutanena ne, na san su. Ga misali a gabanku. Matata ce, jikinta ba daɗi, amma ita ce ta fara sa hannu. Na ce ta huta, ta ce a'a, aikin al'umma ne."

"Madalla da 'ya!" in ji wani dattijo. "Irin wannan sai gidan Hojar."

Saodat ba ta ɗago ba. Ta zuba shayi a finjali ta mayar buta. Ta sake, ta mayar. Ta yi na uku. Sannan ta ɗauki finjalin shugaban ilimi ta karkata buta. Shayin ya wuce kurɓi biyu. Ya wuce rabi. Dattijon da ke yabonta ya bar baki buɗe. Ba ta tsaya ba sai da ruwan ya kai leɓen finjali yana rawa. Ta miƙa da hannun dama, na hagu a ƙirji, ba ta zubar da ko ɗigo ba.

Mutumin ya karɓa don ba yadda zai yi. Finjali ba shi da mariƙi, cike kuma ba wurin kamawa. Zafi ya ci yatsunsa, ya dire shi da sauri, shayi ya malala a kan shimfiɗa.

Ta cika na Ergash-aka haka nan. Ta zuba wa dattawan uku kurɓi bibbiyu, yadda ta saba. Na ƙarshe ta ɗauki na mijinta, ta cika shi fal, ta ajiye a gabansa, ta dube shi cikin ido. Wannan ne karo na farko da wani a unguwar ya ga ta yi haka.

Shugaban ilimi ya dubi agogonsa, ya ce ya tuna ana jiransa a ofis. Ya shafa addu'a shi kaɗai, ya miƙe. Ergash-aka ya bi bayansa yana neman takalmi. A daidai lokacin mai dafawa ya shigo da babban faranti, shinkafa ta yi tozo, nama a sama, ya tarar da manyan baƙi a bakin ƙofa. Tolib na biye da su yana cewa, "Aka, ko loma ɗaya, aka, rashin lafiya ce ta taɓa ta." Motar ta tashi ta bar shi da hannu a sama.

Abin da Hojar-aya ta faɗa a yammacin nan, maƙwabta uku sun ji. Ta ce an zubar mata da mutuncin shekara arba'in a finjali. Ta ce dama malama ba ta zama kelin. Saodat kuwa tana ɗaki tana ninke kayanta.

Da gari ya waye, ƙofar gidan Hojar-aya ba a share ba. Ganyen inabi da ɓawon iri na jiya suna nan a warwatse, ƙasa a bushe. Matan lungun da suka fito da tsintsiya suka riƙa kallon wurin suna kallon juna. Shekara shida ba su taɓa riga ta fitowa ba.

Asabar ce kuma. Wajen bakwai sai ga malamai tafe ta lungun, su goma sha wani abu, kowa rungume da tukunyar fure, suna mayar wa masu su. Rayhon-opa na gaba tana ɗingishi. A daidai nan ƙofa ta buɗe, Saodat ta fito da jaka a hannu, da littattafan yara a hammata. Tolib ya biyo ta da silifas, tsohuwa na bayansa.

"Ina za ki? Saodat, mutane na kallo. Shigo mu yi magana a ciki."

"Gidan babana. Litinin in wuce makaranta daga can."

"Kin san ba ni kaɗai ba ne. Daga sama abin yake zuwa. In ban sa hannu ba wani zai sa. Ni ma ai ɗana ne, kina tsammani ban ji ba?"

Ta tsaya ta saurare shi har ya ƙare, kamar yadda take sauraron yaron da bai yi aikin gida ba. Ta gyara jakar ta juya.

"Bar ta ta tafi," in ji Hojar-aya. "Gobe ubanta zai dawo da ita da kansa."

Amma Tolib ba uwarsa yake kallo ba. Malaman sun tsaya cak da tukwanensu. Mutanen da ya ce ya sani ne, ga su nan, Asabar da sassafe, ƙasa ta ɓata musu riguna, kuma ba wanda ya gaishe shi. Rayhon-opa ta dire tukunyarta a ƙasa ta naɗe hannu.

Ya kai hannu ya cire hularsa. Takardar likita na nan ciki, bai iya yaga ta ba, bai iya miƙa ta ba. Ta yi laushi, hatimin ya jiƙe ya bazu. Ya tsaya kai ba hula a tsakiyar lungu, a gaban matan unguwa, yana riƙe da ita. Leɓensa ya motsa, ya faɗi wani abu da ko uwarsa da ke kusa ba ta ji ba.

Saodat ta waiwayo.

"Ɗaga murya, Tolib-aka," ta ce, da muryar da take yi wa 'yan aji uku. "Na baya ba su ji ba."

"Tolib!" in ji tsohuwa. "Mayar da hularka!"

Bai mayar ba. Ya ɗaga takardar sama yadda kowa zai gani.

"Likita ta ce ta kwanta. Ni na ɓoye takardar, na ce na kai. Ba ƙaddara ba ce, ni ne. Na sa hannu a kan lokacinku ban tambaye ku ba, na sa hannu a kan ɗana." Ya sake ɗaga murya. "Saodat, na cuce ki. Ki yafe mini."